Katin hoto biyu, sanyaya da ruwa, da zafin Sakkwato: wane akwati za a saya?

Wanda zai cusa katin hoto (allon da ke sarrafa hotuna da bidiyo) biyu ko uku a kwamfuta ɗaya a yau, wasan gem ba zai amfana da su ba. Nvidia ta daina fitar wa sababbin wasanni saitin SLI, mai sa kati biyu su yi aiki tare, tun farkon 2021, kuma RTX 3090 da 3090 Ti su ne na ƙarshe a gidan GeForce da suka zo da NVLink, mahaɗar da ke haɗa kati da kati. Da 4090 ya fito a Oktoban 2022 babu ita a jikinsa. Masu bukatar kati fiye da ɗaya yanzu su ne masu aikin da ke rabuwa: mai zanen gini da ke fitar da hotuna da Blender, V-Ray, Octane ko Redshift, mai tace bidiyo da DaVinci Resolve Studio, da 'yan bincike irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo masu horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda yawan memorin kati ya fi damunsu da komai. Idan kuwa Lumion ce abincinka, kati ɗaya take aiki da shi, na biyun zai zauna ne yana shan wuta a banza. Haɗa kuɗin ka sayi babba guda.

Arahar 3090 na hannu ce ta yawaita tambayar wane akwatin kwamfuta za a saya wa kati biyu. Da kuɗin intanet na Ethereum ya daina haƙuwa da katin hoto a Satumban 2022, masu haƙon suka juye kayansu kasuwa, kati mai memori gigabait 24 ya zo hannun mutanen da a da sai dai su gan shi a waya. Mutum ya sayi biyu, ya jera su a tsohon akwatinsa, na saman ya rasa inda zai shaƙi iska saboda na ƙasan ya tokare masa fankoki, sai zancen sanyaya su da ruwa ya taso. Daga zancen ruwa kuma sai na akwati, domin lagireto da famfo da tanki ba kowane gida suke shiga ba.

A wurina abu biyu ne ke yanke hukunci a garin nan: faɗin lagireton da akwatin zai ɗauka, da sauƙin fitar masa da ƙura. Gilashi da fitilu masu canza launi sai an gama da waɗannan.

Lissafin zafi

Ruwa ba ya kashe zafi. Ɗaukarsa yake yi daga kan kati da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) ya kai wa lagireto, fanka ta hure shi zuwa cikin ɗaki. Don haka ruwan da ke zagaya tiyo ba ya taɓa sauka ƙasa da zafin iskar ɗakin, kullum yana samanta da wasu digiri. Masu gwajin akwatuna da ake kallo a YouTube galibi a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 suke aunawa. In ruwansu ya ɗara iska da 12, ya tsaya wajen 35, su ce madalla. Mu nan daga Maris zuwa Mayu rana na haura 40, kuma ɗakin da ba esi, musamman mai rufin kwano, ba ya nisa da hakan. A ce ɗakin yana 38: wancan haɗin da aka yaba a YouTube ya kai ruwansa 50 ke nan. In lagireton ya yi kaɗan har tazarar ta kai 20, ruwa ya doshi 58.

Katin kansa bai damu ba tukuna, yana aiki lafiya a digiri 70. Kayan ruwan ne ke fara gajiya. Famfon D5, wanda kusan kowa ke sawa, digiri 60 aka rubuta masa a matsayin iyakar zafin ruwa. Bututun PETG, mai hasken nan da ake lanƙwasawa don ado, yana laushi in ruwa ya yi zafi, bakinsa ya motse a cikin mahaɗi, ɗigo ya fara. Tiyon roba mai haske kuma yana dafewa, ya riƙa sakin wata farar dauɗa da ke toshe ƙananan hanyoyin farantin ruwa, wato ƙarfen da ake ɗaurawa kan kati ruwa ya bi ta cikinsa. Shi ya sa baƙin tiyon EPDM nake ce wa mutane su saya, irin ZMT na kamfanin EK. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma yana jure zafi shekara da shekaru.

Masu harkar suna da wani ƙiyasi: gurbin fanka ɗaya mai milimita 120 ga kowane wat 100. Ba doka ba ce, kuma a ƙasashen sanyi aka saba da shi, amma ya isa a fara da shi. RTX 3090 wat 350 yake ci, 4090 wat 450, 5090 da ya fito a Janairun 2025 kuwa 575. 3090 biyu da furosesa mai wat 250 sun tashi 950, wato gurbi goma. Lagireto 360, mai fanka uku, guda uku gurbi tara ne, 480, mai fanka huɗu, guda biyu takwas ne. Ka ga tun kafin a sa zafin Afrilu a lissafi, manyan akwatunan ma da ƙyar suke kaiwa. Akwai abin da mutane ke tsallakewa: lagireto 420, mai fanka uku na milimita 140, ya ɗan fi 480 mai fanka huɗu na 120 faɗin fuska, ga shi kuma ya fi shi gajarta. Akwatin da ke ɗaukar 420 guda uku ya kai gurbi goma sha biyu a wancan ma'auni.

Duk wannan zafi kuma a ɗakinka zai sauka, da ruwa ko ba ruwa. Injin da ke jan wat 1,000 zuwa 1,200 daidai yake da dutsen guga na lantarki da aka bari yana ci yini guda ba hutu. Esi mai doki ɗaya da rabi na kwashe kimanin wat 3,500 na zafi, to kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi kan kwamfutar kaɗai.

Gurabe, madabod da faɗi

Kowane gurbin kati a bayan akwati milimita 20 ne da 'yan kai, kuma madabod (babban allon da ake cusa katunan a kansa) mai girman ATX na gama-gari bakwai yake da su, shi ya sa yawancin akwatuna ke tsayawa a bakwai. Katunan yanzu masu fanka suna cin gurbi uku, wasu uku da rabi. ROG Strix 4090 na ASUS tsawonsa ya kusa milimita 358. Biyu irinsa ba sa zama lafiya a gurbi bakwai. Da an cire musu fanka an ɗaura farantin ruwa sai su rame, su koma gurbi ɗaya ko biyu, tsawon ma ya ragu sosai, kuma ga mai kati da yawa wannan ribar ta fi ta sanyin. Kati biyu masu faranti na zama a gurbi bakwai ko takwas. Uku ko huɗu na son takwas zuwa sama, domin wanda ya zauna a ramin ƙarshe na madabod yana leƙawa gurbi na takwas.

Kati uku zuwa sama kuma ya fitar da kai daga madabod na gama-gari. Furosesan Ryzen da Core na gida layin sadarwa 16 suke ba katin hoto, a raba takwas-takwas in madabod ɗin ya yarda. Mai son fiye da haka babban furosesan Threadripper zai nufa, da madabod irin WRX90E-SAGE na ASUS mai rami bakwai, wanda girmansa SSI-EEB ne, milimita 305 da 330. Akwatuna da yawa an rubuta musu E-ATX a kwali amma faɗin 280 kawai suke ɗauka.

Sai faɗin akwatin kansa, wanda wayar wutar 4090 da 5090 ta mai da shi babban lamari. Mahaɗar 12VHPWR ta yi ƙaurin suna a 2022 da narkewa in ba ta shiga ta zauna daram ba, kuma masu yin wayar na cewa kada a lanƙwasa ta sai an bar kamar milimita 35 daga baki. 4090 na Nvidia kanta faɗinsa 137 ne. Haɗa da 35, ya tashi 172. Hanya mafi sauƙi ta gane ko murfin gefe zai rufu ba tare da danne wayar ba ita ce a duba tsayin fankar furosesa da akwatin ya yarda da shi. A akwatunan da ke tafe, O11 na farko 155 ne, EVO da EVO XL 167, Meshify 2 XL 185, 7000D 190, Enthoo Pro 2 kuwa 195.

Wanda kowa ke so

Lian Li O11 shi ne kowa ke nuna mini a waya. Kamfanin na Taiwan ya fitar da shi a 2018 tare da Bajamushen nan Roman Hartung, da aka fi sani da der8auer, kuma don ruwa aka zana shi tun daga tushe: fawa-fak (na'urar raba wuta) da wayoyi a ɓoye a ɗaki na biyu bayan madabod, gilashi gaba da gefe, lagireto 360 a sama, a gefe, da ƙasa. EVO XL na 2023 ya mai da ukun 420. Wajen faɗin lagireto da wuya a samu akwati mai girmansa da ya kamo shi, kuma aikin tiyo a cikinsa da daɗi, hannu na shiga ko'ina. Gurbin katinsa takwas.

Sai dai ukun ba daidai suke aiki ba. Gefe da ƙasa ke jan iska ciki, sama ke fitarwa, wato lagireton sama iskar da 'yan uwansa suka riga suka ɗumama yake samu. A ɗaki mai sanyi asarar ba ta taka kara ta karya ba. A ɗaki mai 38 ana jin ta. Ga shi ba ya zuwa da fanka ko ɗaya, tara ko goma za ka saya, kuma masu kyau kuɗinsu na iya kamo na akwatin. Madabod mai faɗin 330 ba gidansa ba ne. Sannan ga bakin da yake da shi a ƙasa, yana fuskantar daɓe.

Wani ƙanena a sana'a, mai zanen gine-gine a wajen Arkilla, ya kawo mini irinsa bayan hunturu ya wuce, zafi ya fara shigowa.

"Yaya, mi yas same shi? Da munka haɗa shi lahiya lau shike, yanzu ko rabin aiki ba ya kai sai shi mutu. Kuma wallahi ban taɓa mai komi ba."

Na tambaye shi inda yake ajiye shi. A ƙasa, kan tayil, gab da ƙofa. Na zare ragar ƙasa, ƙurar ta kwanta ta yi kauri har ana ɓamɓaro ta da yatsa falle guda. Wadda ta tsallake ragar ta je ta zauna tsakanin fanka da lagireto, inda ido ba ya gani sai an kwance fankar: zobe uku na ƙura a jere, kowanne daidai faɗin fanka, tsakiyarsu fes inda cibiyar fankar ta kare. Ta gilashi kuwa komai tsaf, fitilu na ta canza launi. Babu abin da ya lalace, iska ce ta daina wucewa.

Maganin ba wuya. A ɗora shi kan tebur ko benci, nesa da ƙofa da taga. A ɗaura fankoki ta yadda za su riƙa jan iska ta cikin lagireto maimakon tura ta, don ƙura ta taru a fuskar da ke buɗe, inda burushi ke kaiwa. A sa iskar da ke shiga ta raga ta fi wadda ke fita yawa, don kada akwati ya riƙa zuƙar ƙura ta kowace kafa. In za a hura da bulowa a riƙe fankar da yatsa, kada ta yi ta juyi a banza. Wanda zai yi haka, kuma ɗakinsa rufaffe ne mai esi, EVO XL zai yi masa aiki da kati biyu har ya ji daɗi. Masu kama da O11 marasa suna da suka cika kasuwa kuwa, kafin ka biya ka ƙirga gurabensu, ka auna tazarar da ke tsakanin saman madabod da rufi: siririn lagireto wajen milimita 30 ne, fanka 25, in babu wurin 55 memori zai tokare shi.

Wanda zan saya

Fractal Design ta Suwidin ta fitar da tagwaye a 2020, Define 7 XL da Meshify 2 XL. Cikinsu ɗaya ne, fuska ce ta bambanta. Gurbin kati tara a kwance da uku a tsaye, madabod har SSI-EEB, lagireto har 480 ko 420 a gaba, haka a sama, da 280 a ƙasa. Waɗannan lambobi kowanne shi kaɗai aka auna; in aka haɗa mafi girma a gaba da mafi girma a sama sukan yi karo a kusurwa, musamman masu kaurin 45 ko 60, don haka a buɗe littafin akwatin, wanda ke shafin kamfanin kyauta, kafin a yi oda.

Shara ce ta sa na fi karkata ga Meshify. Ragar ƙasa doguwa ce kuma ta gaba ake zaro ta, ba sai an juya akwati mai nauyi da ruwa a cikinsa ba. Ta gaba na fita da an buɗe fuskar. Rufin sama gaba ɗaya na cirewa, tare da farantin da lagireto ke ɗaure a jiki, har da hujin zuba ruwa. A watannin hazo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ragar da za a riƙa kakkaɓewa kowane mako dole ta zama mai fita da hannu ɗaya, in ba haka ba mai ita zai yi sau biyu ya bari. Iskarsa kuma miƙe take daga gaba zuwa baya, tana bi ta kan katunan, abin da mai 3090 ke bukata: rabin memorin wannan kati a bayan allonsa yake, inda farantin ruwa bai kai ba, kuma can ne zafinsa ke taruwa. Yana zuwa da fanka uku na 140. Gurbi na tara, in ba kati a cikinsa, ta nan tiyo zai fita waje in an zo ƙarin lagireto.

Define 7 XL na da ƙofa a gaba mai danne ƙara, iska ta gefenta take shiga. Mai situdiyon ɗaukar murya zai so shi, amma a zafinmu zai ƙare ne da barin ƙofar a buɗe, fankoki na gudu, shirun da ya biya kuɗi dominsa ya tafi. Inda ya fi Meshify shi ne akwai mai murfin ƙarfe zalla, babu gilashin da zai fashe a hanya. Masu tace bidiyo su lura: wurin faya-fayan ajiya da yawa da aka ce akwatin na ɗauka, shi ne wurin da tanki da lagireton gaba za su cinye.

Phanteks Enthoo Pro 2, shi ma na 2020, yawanci shi ne mafi sauƙin kuɗi a cikinsu, kuma a takarda ya fi kowa wuri: 480 biyu, gaba da gefe, da 360 biyu, sama da ƙasa. Fuskarsa yadi ce mai ƙananan huji da iska ke ratsawa sosai, yana ɗaukar SSI-EEB, yana da mai murfin ƙarfe, kuma yana karɓar fawa-fak biyu, ko da yake na biyun a ƙasa yake zama, inda lagireton ƙasa zai so zama. Ƙarfensa bai kai na Fractal kauri ba, ba ya zuwa da fanka, kuma yadin fuskar na riƙe ƙura fiye da ragar ƙarfe, sai an wanke shi da ruwa a shanya. Amma ga mai kati uku ko huɗu, akwai ɗan uwansa Server Edition na 2023 mai gurbi 11, har da marikin fanka a gefe da ke hura katunan kai tsaye. A wannan mataki babu wani cikin waɗanda na ambata da ke ja da shi.

Corsair 7000D Airflow na 2021 na tsakiya: gurbi takwas, 360 guda uku a lokaci ɗaya, ƙofofi masu hinji, faɗi wadatacce ga wayar 4090. Ba ni da abin zarginsa da shi, sai dai a girmansa da na so ya ba da gurbi tara. In shi ka samu a farashi mai kyau, ɗauka. 1000D na 2018 na ɗaukar 480 har huɗu, amma nauyinsa ya kusa kilo 30 babu komai a ciki. Kuɗin kawo shi Sakkwato ba kaɗan ba ne. Buɗaɗɗun akwatuna irin Core P na Thermaltake, da ake ratayawa a bango, ba don garin hazo da gidan yara aka yi su ba.

Lagireto a waje

Ga wanda katunansa suka kai uku, ko biyun suka zama 4090 ko 5090, babu akwatin da cikinsa zai wadatar a Afrilu. A nan lagireton waje ke shigowa. Watercool ta Jamus ta yi MO-RA3 420, faffaɗan lagireto mai tsayuwa da ƙafarsa, mai gurbin fanka tara na 140, daidai da 420 guda uku, kuma duk faɗin nan iskar da ba a ɗumama ba yake samu. Tiyo biyu ne ke haɗa shi da kwamfuta, da mahaɗai masu rufe kansu in an zare, irin QD3 na Koolance. Ranar shara ka zare shi, ka fita da shi tsakar gida, ka hure, ka mayar, ba ka buɗe kwamfutar ba. In tiyon ya yi tsawo kuma famfo na da ƙarfi, ana iya ajiye shi a wani ɗakin ko a barandar da rana ba ta kaiwa, zafin ya bar inda kake zaune. Da wannan, abin da ake nema a akwati ya ragu zuwa gurabe da 'yar iskar da za ta bi ta kan madabod da memori, kuma Enthoo ko Meshify sun wadatar ba tare da an cika su da lagireto ba.

Na san wani zai ce ga lagireton mota birjik a wurin masu sifiya. Yawancin na yanzu alminiyom ne, farantin ruwa kuwa tagulla, kuma in suka haɗu a ruwa ɗaya alminiyom ɗin ke cinyewa, dauɗarsa ta toshe faranti. Tsofaffin na tagulla kuma cike suke da tsatsa. Haka zancen jefa ƙanƙara a tanki: da ruwa ya fi iska sanyi sosai, raɓa za ta keto a jikin tiyo da faranti, musamman da damina, ta ɗiga kan allo. Ruwan da ke shiga wanda aka tace da turiri ne, da maganin hana tsatsa da gansakuka. Ruwan leda da na burtsatse ba sa shiga, na batir kuma sai an tabbata ruwa ne zalla, ba mai asid ba.

Akwai hanyar tsakiya ga mai tsoron haɗa tiyo da hannunsa: katunan da ke zuwa da nasu rufaffen ruwa, kamar Suprim Liquid X 4090 na MSI mai lagireto 240. Kowane kati na son bango guda, furosesa ma haka, wato fuska uku, kuma a nan tsarin O11 ya dace. Aibinsu shi ne yawanci ba a ƙara musu ruwa, kuma zafi na saurin ƙafar da shi ta jikin tiyo. Mai kati ɗaya kuwa bai da dalilin shiga wannan ɗawainiya: Fractal Torrent na 2021, da fankoki biyu na milimita 180 a gaba da uku na 140 a ƙasa, ya ishe shi da iska zalla.

Wuta ma na shiga zaɓen akwati. 4090 biyu da Threadripper mai wat 350 na son fawa-fak na wat 1,600, kuma irinsu dogaye ne, milimita 200 zuwa sama, a duba ko za su shiga tare da lagireton ƙasa. Injin da ke jan wat 1,200 na cin yunit kusan goma a awa takwas. A farashin naira 225 da aka sa wa rukunin Band A a Afrilun 2024, sama da naira 2,000 ke nan a yini, ban da esi. Ƙaramar inbata mai 1.5kVA ba ta ɗaukarsa. Dabarar da ta fi kowace araha ita ce rage wa katunan wuta da manhajar MSI Afterburner: 3090 da aka mayar wat 280 gudunsa kaɗan yake raguwa, amma kati biyu sun sauke wa ruwa wat 140, fiye da gurbin fanka guda kyauta.

To, kati biyu a ɗakin da esi ba ya samun wuta kullum, Meshify 2 XL, ko Enthoo Pro 2 in aljihu ya matse. Kati biyu a rufaffen ofis mai sanyi, kuma mai shi na son a gani, EVO XL a kan tebur. Uku zuwa sama, Enthoo Server Edition da lagireton waje.

Daga Legas zuwa nan wajen kilomita 1,000 ne, daga Kano ko Abuja ma ba kusa ba ne, don haka a roƙi mai shago ya bar akwatin a kwalinsa na asali da kumfarsa, a gaya wa direba kada a ɗora masa buhu. In ya iso, kada a taɓa jingina murfin gilashi a kan tayil, ko a hankali. Kusurwarsa na taɓawa yake tarwatsewa, a shimfiɗa kwali ko darduma tukuna. In haɗin ya faɗo a hunturu, lokacin da hannu ke tartsatsi in ya taɓa ƙofar mota, a riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin a ɗauki kati. A sa bawul na zubar da ruwa a wuri mafi ƙasa na zagayen, domin sau ɗaya a shekara za a sauya ruwan, kuma a gwada haɗin da iska kafin ɗigo ɗaya ya shiga. Mahaɗin tiyo da zoben robarsa ba abin da za ka fita da yamma ka samo a kasuwa ba ne, don haka a odar farko a ƙara mahaɗai huɗu, zobba, mita biyu na tiyo, da famfo na biyu in da hali, su zauna a durowa.